Sanda Ɗaya, Masassaƙa Biyu

Norris Pickup mijin yayata Glenda ne, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba ƙiyayya ba ce. Shekara talatin da ɗaya muna cin abincin Lahadi tare. Kafin ya yi ritaya shi ke riƙe da makullin sito a garejin bas-bas na Birkshaw, amma in baƙo ya tambaye shi aikin da ya yi, sai ya gyara wuyan riga ya ce injiniya. A Kulob ɗin Masaƙa kuwa, inda muke buga pul, ƙaramar sunukar nan, Norris bai taɓa shan kaye da laifinsa ba. Ko tebur ya karkace, ko fitila ta kashe masa ido, ko wani ya yi tari. Mafi yawan lokaci dai laifin sanda ne.

A waccan shekarar ƙungiyarmu ce ta ƙarshe a gasar kwarinmu. Marjorie Entwistle, shugabar kwamitin kulob, ta shigo ɗakin wasa wata Talata da hantsi, ta zagaya teburin tana auna bango da ido.

"Wasa ɗaya ya rage muku da muhimmanci," in ji ta. "Na 'yan Reluwe, ƙarshen Afrilu. In kun sha kaye an fitar da ku daga gasar, tebur ya tafi. Masu rawa sun daɗe suna roƙon ɗakin nan."

Tana fita Shabir, kyaftin ɗinmu, wanda ke tuƙa tasi kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya iya wasan da gaske, ya ajiye kwalbar lemonsa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Mu shida ne, ba mu da na bakwai.

"Maganin abin nan ɗaya ne," in ji Norris. "Sanda tawa ta kaina, wadda aka sassaƙa daidai hannuna."

"Ai kana da sanda."

"Wannan? Ta kanti ce. Don kowa da kowa aka yi ta. Ni kuwa ba kowa da kowa ba ne."

"Wannan kam mun shaida," in ji Shabir.

Masassaƙan sanda biyu ne a yankinmu, kuma a kansu kulob ya rabu gida biyu. Akwai Mista Tattersall, ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ke aiki da hannu a wata rumfa bayan gidansa a kan tudu. Akwai kuma Misis Dilys Kenyon, wadda a wurinsa ta koyi sana'ar, sannan ta bar shi shekara tara da suka wuce ta buɗe nata wurin a tsohuwar masaƙa, da injina masu kwamfuta. Tun daga nan sai a jana'iza suke haɗuwa, su gyaɗa wa juna kai.

Norris ya ce zai je ya duba su duka biyun, ya ga wanda ya cancanci hannunsa. Ni na kai shi, don Glenda ta ƙwace makullin motarsa tun ranar da ya shiga shataletale ta hannun da ba a shiga.

Rumfar Mista Tattersall tana ƙamshin mai da garin katako. Sanduna na rataye a rufi kamar kifi a wurin banda. A tsakiya akwai tsohon tebur, wata tsohuwar karya na barci a ƙarƙashinsa. Dattijon bai ɗago kai daga abin da yake gogewa ba, Norris ya yi ta ba shi labarin nasarorin da ban san da su ba.

"Buga in gani," in ji shi daga ƙarshe, ya miƙo wata sanda.

Norris ya tuɓe kwat, ya shafa alli a bakin sanda har sau uku, ya duƙa, ya rufe ido ɗaya. Ya ja baya, ya soka. Farar ƙwallon ta yi tsalle, ta tsallake wadda ya nufa, ta tsallake bakin tebur, ta faɗa cikin kofin shayin Mista Tattersall. Karyar ta tashi ta fita waje ba tare da an kore ta ba.

Dattijon ya ɗauki cokali ya tsamo ƙwallon, ya goge ta da rigarsa.

"Teburinka yana da gudu," in ji Norris.

"Gwiwar hannunka ce ke da gudu. Sanda ba ta gyara wannan, Mista Pickup. In dai kana so, zan rubuta sunanka. Wata goma sha huɗu."

"Mako shida nake da shi."

"To ka gaida gida."

Wurin Misis Kenyon fes yake kamar asibiti. Mace ce gajeruwa mai tabarau a goshi, tana magana tana tafiya. Ta tsayar da Norris a kan wani farin layi, ta auna kafaɗarsa, ta auna tafin hannunsa, abin ya yi masa daɗi ƙwarai har yana juyowa yana ɗaga mini gira. Sannan ta ce ya buga sau biyar a gaban kyamara. Da ya gama, ta kunna hoton a babban allo, a hankali a hankali, ga ma'aikatanta biyu suna kallo.

Mun ga Norris ya duƙa. Mun ga gwiwar hannunsa ta buɗe gefe kamar fiffiken kaza, ta dawo, ta sake buɗewa. Mun ga harshensa ya leƙo. Mun ga ƙafarsa ta baya ta ɗaga daga ƙasa ba tare da wani dalili ba.

"Wannan ba ni ba ne," in ji Norris.

"Rigarka ce," in ji Misis Kenyon.

"Kyamarar tana ƙara wa mutum motsi."

"Tana ragewa ma. Na yanke wurin da ka kusa faɗuwa. Wata takwas, in ka matsu."

A mota muka zauna muna cin soyayyen kifi da dankali a takarda, ruwan sama na bugun gilashi. Norris ya yi ta juya dankalinsa a takarda har na fara jin tausayinsa. Sai na ga yana murmushi.

"Wilf, ka san kuskuren mutane? Zaɓe suke yi. Wai ko wannan ko waccan. Me zai hana duka biyu?"

"Sanda biyu?"

"Sanda ɗaya. Ai rabi biyu ake haɗawa a tsakiya. Tsoho ya yi mini rabin baya, da nauyinsa da adonsa. Ita ta yi mini rabin gaba, miƙaƙƙe daga inji. Hikimar da, da ilimin zamani, a hannu ɗaya. Kuma rabin sanda rabin lokaci ne."

"Rabin wata goma sha huɗu bakwai ne."

"Ka bar mini wannan."

"Kuma ba wanda zai yarda ya haɗa aikinsa da na ɗayan."

"Wa ya ce za su sani?"

Bayan kwana biyu muka koma kan tudu. Norris ya shiga da fuskar mai zaman makoki. Ya ce kakansa, wanda wai zakara ne a zamaninsa, ya bar masa rabin gaba na wata sanda mai daraja, rabin bayan ya ɓace a lokacin yaƙi. Abin da yake roƙo kawai a yi mata sabon rabin baya.

"Kawo ta in gani," in ji Mista Tattersall.

"Tana ajiye a banki. Ba a fitar da ita sai da lauya." Ya yi ajiyar zuciya, ya juya kamar zai tafi. "Ba komai. Dama Misis Kenyon ta gaya mini kada in wahalar da kai. Ta ce hannunka ya fara rawa, mako shida ko muciya ba za ka iya fitarwa ba."

Dattijon ya ajiye abin gugarsa a hankali.

"Dilys ce ta faɗi haka?"

"Cikin tausayi ta faɗa."

Ni ina kallon rufi. Mista Tattersall ya ciro fensir daga bayan kunne.

"Tsawo?"

"Inci talatin da uku."

"Rabin kawai? Sanda gaba ɗayanta hamsin da bakwai ce. Kakan naka raƙumin dawa ne?"

"Mu dogayen hannu ne a gidanmu. A sa nauyi sosai. Da sunana a farantin tagulla."

"Mahaɗin fa? Rabin kakan naka, ƙusa gare shi ko rami?"

Ga wanda bai sani ba, rabi ɗaya yana da ƙusa mai zare, ɗayan yana da rami, a murza su kama juna. Norris ma bai sani ba, amma bai taɓa barin tambaya ta wuce shi ba.

"Rami," in ji shi.

"To ni zan sa ƙusa."

Da la'asar muna gaban Misis Kenyon. Wannan karon rabin baya kakan ya bari, rabin gaba ne ya ƙone a gobara. Ta ce layi layi ne, ba ta tsallake kowa.

"Haka Mista Tattersall ya ce za ki ce. Ya ce injinki sandar tsintsiya kawai ya iya, ita ma sai an ba shi wata takwas."

Ta sauke tabarau daga goshi zuwa hanci, ta daɗe tana kallonsa.

"Sandar tsintsiya."

"Yana dariya ya faɗa."

Ta jawo littafinta. Inci talatin da uku. Da ta zo kan mahaɗi ta yi tambayar da tsoho ya yi, Norris kuwa ya ga amsar safe ta yi masa aiki.

"Rami," in ji shi.

A mota na ce, "Norris, ina jin akwai matsala a maganar ramin nan."

"Wilf, shekara nawa ka yi kana raba wasiƙa?"

"Talatin da huɗu."

"Ni kuma injiniya. Kowa ya tsaya a nasa."

Na tsaya a nawa.

Sanda mai inci sittin da shida tana bukatar sabo, in ji shi, don haka ya ciro ƙarfen labulen falo ya ɗaure masa gwangwanin wake a gindi, ya mai da teburin cin abinci filin horo. Ranar farko ya fasa gilashin kabad ɗin Glenda. Ranar ta uku ya zunguri agogon bango, ya faɗo ya tsaya a ƙarfe huɗu saura kwata. Da yake babu labule, duk unguwa na kallo. Matar da ke gidan da ke fuskantarsu ta tare Glenda a kantin burodi ta riƙe hannunta ta ce in tana bukatar wurin kwana, ƙofarta a buɗe take. Mai kawo madara ya fara ajiye kwalabe a bakin titi.

"Ɗan'uwana," in ji Glenda a waya, "kai ka kai shi wurin mutanen nan. Kai za ka zo ka rataya mini labule."

A kulob kuma Norris ya cika kunnen kowa. Ya ce manyan masassaƙa biyu na rigima a kansa. Da aka yi tambolar tara wa asibiti gudummawa, ya ɗora tsohuwar sandarsa a kan teburin kyaututtuka da hannu biyu, ya ce ya gama da rayuwar talauci. Wata tsohuwa ta ci ta, ta ce za ta riƙa kakkaɓe yana da ita.

"In sabuwar ba ta zo ba fa?" in ji Shabir.

"Za ta zo a gaban idonka. Ranar wasa, a gaban 'yan Reluwe. Ganinta kaɗai zai kashe musu gwiwa."

Ya tsara komai. Misis Kenyon za ta kawo nata rabin da ƙarfe ɗaya na rana, ya karɓa a ƙofar baya. Mista Tattersall zai kawo nasa ƙarfe biyu, ya karɓa a ƙofar gaba. Abin da bai lissafa ba shi ne, ita takan makara don aiki, shi kuma tsoho ne mai gudun rasa bas. Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar wasan, wata Lahadi, suka iso tare, kowa da doguwar jaka a hammata, suka tsaya a bakin ƙofa ɗaya.

"Dilys."

"Mista Tattersall."

"Ki shiga."

"A'a, ka shiga. Kada hannunka ya gaji da riƙon ƙofa."

"Hannuna lafiya lau. Har muciya yana fitarwa."

Ta dube shi, ba ta gane ba. Suka shigo, kowa ya nemi kusurwa mafi nisa da ɗayan. Norris ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gudu, ya karɓe jakunkunan, ya roƙi kowa ya tafi kada ya rasa abincin rana. Ba wanda ya motsa. Kowa yana so ya ga rabin kakan.

Ɗakin ya cika. 'Yan Reluwe sun zo da matansu, masu rawa sun zo su ga ɗakin da za su gada, Marjorie na kicin tana ɗumama fai, burodin nan mai nama a ciki, da miyar koren wake. Shabir ya ci wasansa biyu ba wahala. Ni na sha kaye, ban kuma da wanda zan ɗora wa laifi. Aka yi ta ja har muka tsaya huɗu da huɗu, saura wasa ɗaya, sunan da ke kan takarda kuwa Norris Pickup.

Ya fito tsakiyar ɗaki da jakunkuna biyu. Ya zare rabin baya: baƙin katako mai sheƙi, da siraran zanen fari guda huɗu, da sunansa a tagulla. Kowa ya miƙo wuya, don gaskiya abin ya yi kyau. Ya zare rabin gaba, fari sol, miƙaƙƙe kamar an ja layi. Ya ɗaga su sama, ɗaya a kowane hannu, ya juya don kowa ya gani, sannan ya haɗa bakinsu.

Tagulla ta bugi tagulla, ƙas.

Ya murza. Ya juya ɗaya, ya sake murzawa. Ya kawo su kusa da ido. Ƙusa a dama, ƙusa a hagu.

"Duka biyun maza ne," in ji wani ɗan Reluwe.

"Sababbi ne," in ji Norris. "Sai sun saba."

Mista Tattersall ya taso daga kusurwarsa, ya karɓi rabin gaba, ya juya shi ya karanta tambarin da ke jiki.

"Kakanka sunansa Kenyon?"

Misis Kenyon ta riga ta iso, rabin baya na hannunta, tana shafa zanen da babban yatsa.

"Wannan ɗinkin ko a duhu na san shi. Mista Pickup, kakanka ya yi ƙoƙari. Man jiki bai ma gama bushewa ba."

Kyaftin ɗin Reluwe ya nuna agogo. Doka ta ba ɗan wasa minti biyar ya zo tebur, in ba haka ba an cinye shi. Shabir ya miƙa wa Norris tasa sandar, ya rage murya.

"Don Allah, Norris. Karɓi wannan ka buga. Abokin karawarka ma rawar ɗari yake yi."

"Injiniya ba ya aro," in ji Norris, ya fizge rabin sandunansa ya sauka ɗakin ƙasa inda gangunan giya suke.

Ya dawo saura minti ɗaya. Ya yanko guntun tiyo, ya cusa ƙusa ɗaya ta nan ɗaya ta can, ya naɗe wurin da baƙin salatif har ya yi ƙulli kamar gwiwar mai amosani. Yanzu sandar ta kusa inci saba'in, ta fi shi tsawo, in ya riƙe ta a kwance kuma kanta sai ya sunkuya kamar mai jin kunya.

Ɗan Reluwe ne ya yi bugun farko ya watsa ƙwallaye, bai jefa ko ɗaya a rami ba. Farar ta tsaya a gefen kicin, inda tsakanin tebur da bango bai fi taku biyu ba. Norris ya duƙa, ya ja baya, gindin sanda ya daki bango. Ya matsa hagu, ya daki bango. Ya ɗaga gindin sama, ya taɓa hoton waɗanda suka kafa kulob, hoton ya karkace.

"A matsar da bangon," in ji wani.

Norris ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan 'yar tagar da ake miƙo abinci daga kicin. Ya tura murfinta ya buɗe. Ya duƙa, ya gwada, gindin sandar ya shige kicin sumul. Ya ɗago ya dube ni.

"Ka ga bambancinmu, Wilf?"

Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu. A na uku ya ja da dukan ƙarfinsa, daidai lokacin da Marjorie ta ɗauko babban tire ta nufo tagar. Ba mu ga abin da ya faru ba, ji kawai muka yi: tire, faranti, tukunyar miya, sannan muryar Marjorie tana kiran cikakken sunansa. Norris ya firgita ya soka gaba. Tiyo ya saki. Rabin gaba ya tashi shi kaɗai, ya kauce wa farar ƙwallo, ya nitse cikin koren ƙyallen tebur ya ɓarke shi tun daga tsakiya har bakin rami, sannan ya yi tsalle ya faɗa kan cinyar matar kyaftin ɗin Reluwe. Ta ɗauka ta duba.

"Miƙaƙƙe ne kuwa," in ji ta.

Ko ƙwallo ɗaya ba ta motsa ba.

Marjorie ta fito da miyar wake tun daga gashi har takalmi, da fai ɗaya manne a ƙirjin rigarta. Ta tsaya tana kallon Norris, shi kuma yana tsaye da rabin sanda mai sunansa, guntun tiyo na lilo a bakinta.

"Tebur ya daɗe yana bukatar sabon ƙyalle," in ji shi.

Alƙalin wasa ya ba Reluwe. Biyar da huɗu. Shabir ya je ya yi musabiha da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fita ya zauna a cikin tasinsa na minti goma, injin a kashe.

A bayana na ji Misis Kenyon tana cewa, "Ni ban taɓa cewa hannunka na rawa ba. Mista Pickup ne ya ce ka kira aikina sandar tsintsiya."

"Ni? Na sayi ɗaya daga cikin sandunanki bara, ta hannun maƙwabcina, don in ga yadda kika yi bakin."

"Yaya ka gani?"

"Ya yi siriri."

"Bai yi ba."

"Ya yi, Dilys."

Suka ja kujeru suka zauna a tebur ɗaya, suka ci gaba da gardama har aka fara share ɗaki. Ita ta kai shi gida a motarta.

Teburin dai bai tafi ba. Ashe 'yan Reluwe ne suka yi alkawarin saye, kyaftin ɗinsu kuwa ya leƙa ɓarakar, ya ga har dutsen da ke ƙarƙashin ƙyallen ya ɓantare, ya ce an fasa. Ba wanda zai ɗauki tebur mai nauyin mota a banza, don haka ya zauna. Bayan mako biyu masassaƙan suka zo tare suka cike dutsen suka shimfiɗa sabon ƙyalle, bisa sharaɗi ɗaya: kada Norris ya sake gaya wa kowa cewa su suka yi masa sanda. Mun koma ƙaramar gasa, muna wasa ranar Alhamis. Masu rawa suna zagaya teburin ranar Talata. Kwamiti ya dakatar da Norris daga wasa na shekara guda, Marjorie kuma ta ƙara da cewa tunda masu rawa ba su da isassun maza, a can zai yi zaman hukuncinsa. Ita ce abokiyar rawarsa, kuma ita ke jagorantar takun.

Rabin sandunan ba wanda ya karɓe su. Glenda ta tokare tagar kicin da rabin baya. Rabin gaba kuma ta kafa shi a bayan gida ta ɗaure masa tumatir, don ta ce ba ta taɓa samun tsinke miƙaƙƙe irinsa ba. A bikin nunin amfanin lambu na watan Agusta tumatirinta ya zo na biyu a cikin goma sha bakwai. Na iske Norris tsaye a gaban farantin, ya tare wasu baƙi biyu daga Burnley, yana nuna musu katin kyautar da yatsa.

"Aikin injiniya ne," yake ce musu. "Kuma da rabin sanda kawai. Da na haɗa ta duka, da na ɗaya muka zo."